Awon Kaurin Ruwa Ba Tare Da Ruwa Ba

Kowa ya san zuma ta fi ruwa kauri. In ka karkata kwalbar ruwa nan da nan sai ya zube, amma zuma sai ta yi ta jan jiki kamar ba ta son fita. Kowa kuma ya san in aka bar cokalin ƙarfe cikin tukunya bisa wuta, jim kaɗan ba ya taɓuwa, alhali kuwa ga muciya nan cikin tukunyar, mai tuƙi tana riƙe da ita ba abin da ya dame ta. Har wa yau in aka ɗiga bula cikin ruwan da ya kwanta, aka ƙyale shi, a hankali launin zai game ruwan duka ko ba a motsa ba.

Waɗannan abubuwa uku, watau kauri, da wucewar zafi, da bazuwa, masana sun ɗauke su 'yan ɗaki ɗaya ne. Dalili kuwa, cikin kowannensu akwai abin da ke tashi daga inda ya yi yawa ya nufi inda ya yi kaɗan, kamar yadda ruwan sama ke bin gangara. A cokali zafi ne ke tafiya, a bula ƙwayoyin launi ne, a zuma kuwa motsi ne kansa ke ratsawa daga sashen da ke gudu zuwa sashen da ke tsaye. Niyuton na Ingila ya faɗi dokar kauri a 1687, Fourier na Faransa ya fito da ta zafi a 1822, Fick na Jamus ya kawo ta bazuwa a 1855. Duk ukun kuwa magana ɗaya su ke yi: in gangara ta ninka, kwarara ta ninka. Sabo da haka in ka raba kwarara da gangara sai ka sami adadi guda wanda ya ke shi ne halin wannan abu. Wannan adadi shi mu ke nema cikin darasin nan.

Ga kaɗan daga cikin irinsa. Kaurin ruwa a zafin digiri 20 shi ne 0.001 bisa ma'aunin da a ke kira faskal-sakan, na zuma kuwa ya fi haka sau dubbai. Wucewar zafi cikin ruwa 0.6 ce, cikin jan ƙarfe wajen 400, cikin iska kuwa 0.026 kawai, duk bisa ma'auni ɗaya.

Me ya kawo kwamfuta?

Wani zai ce, tun da ya ke ana iya auna waɗannan a ɗakin gwaji, mene ne na wahalar da na'ura mai ƙwaƙwalwa? To, akwai wuraren da ma'auni ba ya shiga. Man da ke tsakanin haƙoran giya na mota bai kai kaurin gashin kai ba ko kusa, ana kuwa matse shi da nauyin da ya kan fi na iskar da ke kanmu sau 10,000. In man nan ya tsinke ƙarfe ya ci ƙarfe, inji ya lalace. Can cikin duniya kuma, daga zurfin kilomita 2,900, akwai narkakken ƙarfe wanda ba mahalukin da zai je ya ɗebo. Ban da wannan, masu haɗa sabon mai ko sabon ruwan batir su kan so su san halinsa tun ba su kashe kuɗi sun haɗa shi ba. A irin waɗannan wurare lissafi ne ke tsayawa a madadin ma'auni, lissafin kuwa in ya karkace, aikin da aka ɗora a kansa ya karkace ke nan.

Taron ƙwayoyi

Kowane abu an gina shi ne da ƙananan ƙwayoyi da ido ba ya gani, waɗanda a ke kira zarra. Wani lokaci zarra biyu ko fiye su kan haɗu su zama gungu ɗaya, kamar na ruwa mai zarra uku. Don sauƙi, duka za mu riƙa ce musu ƙwaya. Cikin ɗigon ruwa guda akwai ƙwayoyin da in za a rubuta yawansu sai a rubuta 17 a bi shi da sifiri 20. Ba su zaune wuri ɗaya. A zafin ɗaki ƙwayar ruwa tana gudun wajen mita 640 a sakan, sai dai ba ta zuwa ko'ina, don ba ta ɗaga ƙafa sai ta ci karo da 'yar'uwarta.

Ba wanda zai bi sawun wannan taro ɗaya ɗaya. Amma ku dubi mai karɓar kuɗin shiga kasuwa. Bai san ko wane ne zai zo gobe ba, duk da haka ya san kimanin abin da zai tara, don taro yana da hali nasa wanda mutum ɗaya ba shi da shi. Ilmin da ke fitar da halin taro daga motsin ƙwayoyi shi mu ke kira ilmin ƙididdigar motsi. Makswel ɗan Sikotland, da Bolzman ɗan Ostiriya, da Gibbs ɗan Amurka su suka kafa shi. A cikinsa zafi ba wani abu ba ne illa matsakaicin ƙarfin motsin ƙwayoyi.

Tun farko ilmin nan ya nuna amfaninsa wajen kauri. A 1860 lissafi ya nuna wa Makswel cewa kaurin iska ba ya sakewa ko an matse ta ko an sassauta. Shi kansa abin ya ba shi mamaki, sai ya yi gwaji da hannunsa, a 1866 ya ba da labari cewa lissafin ya yi daidai. Amma iska sakayau ta ke, ƙwayoyinta nesa da juna. Ruwa kuwa cunkoso ne, ko wace ƙwaya tana gogayya da maƙwabta da yawa a lokaci guda, alƙalami da takarda ba su iya warware wannan. Sai da kwamfuta ta zo.

Akwatin cikin kwamfuta

Ga yadda a ke yi. A kan gaya wa kwamfuta ta ɗauka akwai wani ɗan akwati, a ce mai ƙwayoyin ruwa 1,000. Irin wannan akwati kowane gefe nasa nanomita 3 ne da 'yan kai. Nanomita kuwa kashi ɗaya ne cikin miliyan dubu na mita, a kan rubuta shi mita 10⁻⁹. A ba kowace ƙwaya mazauninta da gudunta. Sa'an nan a faɗa wa na'urar ƙa'idar ja da turi da ke tsakaninsu: in sun yi ɗan nisa su jawo juna, in sun matsu ainun su ture juna.

Daga nan sai aikin dokar motsi ta Niyuton. Kwamfuta ta lissafa ƙarfin da ke kan kowace ƙwaya, ta gusa da ita gwargwadon haka na ɗan lokaci ƙanƙane, ta sake lissafi, ta sake gusawa. Kowane taki na lokaci femtosakan ɗaya ne ko biyu, watau sakan 10⁻¹⁵. In taki ya fi haka tsawo ƙwayoyi za su afka cikin juna, lissafi ya watse. Da taki na femtosakan 2, sai an yi taki 500,000 kafin a cika nanosakan ɗaya. Ku riƙe wannan da kyau, don shi ne tushen wahalar da za mu gani nan gaba: akwati ƙarami ne, lokaci kuma gajere.

Akwai wata dabara game da bangon akwatin. Da an yi masa bango na sosai, da ƙwayoyi masu yawa sun zama 'yan jikin bango, ba na tsakiyar ruwa ba. Sabo da haka sai a ɗauka akwatin yana kewaye da kwatankwacinsa ta kowace fuska, kamar tubalin da aka jera. Ƙwayar da ta fita ta gabas, a take ta shigo ta yamma, wadda ta fita ta sama ta ɓullo ta ƙasa.

Alder da Wainwright su suka fara irin wannan kwaikwayo a Livermore ta Amurka, a 1957, da ƙwayoyi masu tauri kamar duwatsun dara. A 1964 wani masani haifaffen Haidarabad ta Indiya, Anisur Rahman, yana aiki a Argonne kusa da Cikago, ya kwaikwayi ruwan iskar argon da zarra 864, a sanyin da ya kai kusan digiri 179 ƙasa da sifiri. Adadin bazuwar da ya samu ya zo kusa da wanda aka auna a ɗakin gwaji. Daga nan ne mutane suka fara yarda cewa akwatin nan yana iya faɗin gaskiya.

Hanya ta farko: zuba ido

In aka ƙyale akwati ba a taɓa shi ba, zafinsa ɗaya ko'ina, ba kwarara ta ko wace fuska, mu kan ce yana cikin halin daidaito. Abin mamaki shi ne, ko a wannan hali ana iya fitar da adadin da mu ke nema.

Mu fara da bazuwa. A 1827 Robert Brown, masanin tsirrai, ya duba ta madubin ƙara girma ya ga 'yan ƙananan ɓarɓashi daga garin fure suna ta rawa cikin ruwa ba tsayawa. A 1905 Ainstain ya bayyana dalili, watau ƙwayoyin ruwa ne ke dukansu ta ko'ina, ya kuma ba da ƙa'idar awo. Ƙwaya tafiyar mashayi ta ke yi, taki gaba taki baya. Don haka ba nisanta ne ke ƙaruwa daidai da lokaci ba, murabba'in nisan ne, watau nisan in an ninka shi da kansa. Cikin akwati sai a auna nisan kowace ƙwaya daga inda ta tashi, a ninka shi da kansa, a ɗauki matsakaici, a raba da lokacin da ya wuce, a kuma raba da 6. Abin da ya fito shi ne adadin bazuwa. Jean Perrin na Faransa ya tabbatar da ƙa'idar nan da gwaji tun daga 1908.

Mu gwada da ruwa. Adadin bazuwarsa a digiri 25 shi ne 2.3 × 10⁻⁹ na murabba'in mita a sakan. Cikin nanosakan ɗaya ƙwaya ta kan yi nisan wajen nanomita 3.7, watau ta ƙetare akwatinmu. Amma kafin ta gusa santimita ɗaya ta fuska guda sai ta yi wajen awa 6, santimita 10 kuwa awa 600, watau kwana 25, domin nisa ya ninka sau 10 lokaci ya ninka sau 100. Sukari ya fi haka jinkiri ma. Kun ga dalilin da ya sa a ke juya shayi da cokali.

Kauri da wucewar zafi fa? A nan sai mu koma ga wani tunani na Lars Onsager, na 1931. Ko a halin daidaito akwati ba ya rasa 'yar hawa da sauka: yanzu wannan sashe ya ɗan fi zafi, an jima wancan, haka kawai bisa dace. Onsager ya ce yadda wannan 'yar karkata ke gushewa, haka karkatar da mutum ya jawo da gangan za ta gushe, muddin ba ta yi girma ba. Melville Green na Amurka a 1952 da 1954, da Ryogo Kubo na Japan a 1957, suka mai da tunanin nan ƙa'idar lissafi. Ma'anarta a taƙaice ita ce a auna tsawon lokacin da ruwa ke tuna halin da ya ke ciki ɗazu. A ɗauki ƙarfin gogayya na yanzu a ninka da na ɗan lokaci gaba, a yi haka sau da yawa a ɗauki matsakaici, sa'an nan a tara duka har zuwa lokacin da tunin ya ƙare. Ruwan da ke saurin mantuwa tsinkakke ne, mai dogon tuni shi ne mai kauri.

Hanyar nan tana da kyau don ba a taɓa ruwan ba. Aibinta shi ne wutsiyar tunin ta kan nutse cikin hayaniya, mutum ya rasa inda zai tsai da tari. A 1970 ma Alder da Wainwright suka nuna cewa wutsiyar ta fi yadda aka zata tsawo, don ƙwayar da ke tafiya ta kan ta da 'yar guguwa kewaye da ita, guguwar ta zagayo ta tura ta daga baya. Ga mai masu dogayen ƙwayoyi kuwa, tuni ya kan yi tsawo har lokacin kwamfuta ya kasa.

Hanya ta biyu: a tura a gani

To, tun da jiran karkata ta zo da kanta yana da wuya, me zai hana mu jawo ta? Wannan shi ne kwaikwayo cikin halin rashin daidaito. A yi wa akwati gangara da gangan, a auna kwarara, a raba, kamar dai yadda a ke yi a ɗakin gwaji.

Don auna kauri ana bukatar saman ruwa ya riƙa gudu fiye da ƙasansa, kamar yadda shafofin littafi ke zamewa bisa juna in ka tura bangonsa na sama. Bambancin gudu in an raba shi da tazarar da ke tsakani shi ne saurin zamewa. Amma akwatinmu ba shi da bango, da me za a ja? A 1972 Lees da Edwards a Ingila suka kawo dabara: jerin akwatunan da ke sama su riƙa zamewa dama, na ƙasa su zame hagu. Ƙwayar da ta fita ta sama za ta shigo ta ƙasa, amma a gusasshen wuri, gudunta kuma a gyara shi gwargwadon bambancin. A 1984 Evans da Morriss a Kanbera ta Ostareliya suka daidaita ƙa'idodin motsi da ke tafiya da wannan, waɗanda a ke kira SLLOD. In zamewa ta kankama sai a auna ƙarfin da ruwa ke turjiya da shi, a raba da saurin zamewa. Kauri ke nan.

Nan fa a ke yin ta. A ce mai tuƙi tana jan muciya da gudun santimita 10 a sakan, tazararta da jikin tukunya santimita ɗaya. Saurin zamewa 10 ke nan a sakan. In muka sa wannan cikin akwati mai tsawon nanomita 3, saman zai fi ƙasan gudu da nanomita 30 a sakan kawai, alhali kowace ƙwaya tana zabura da mita 640 a sakan. Hayaniya ta fi abin da mu ke nema sau miliyan dubu 20. Turjiyar da za a auna cikin ruwa faskal 0.01 ce, ga shi kuwa a ɗan akwati irin wannan turjiya na hawa da sauka da kanta da miliyoyin faskal. Kamar mutum ne ya tsaya tsakiyar maƙera yana so ya ji tafiyar tururuwa.

Sabo da haka tilas a tura da ƙarfin da ya wuce hankali. In aka sa saurin zamewa ya zama 10¹⁰ a sakan, bambancin gudu ya zama mita 30 a sakan, turjiya ta kai faskal miliyan 10, watau kamar nauyin iska sau 100. Wannan kam ana iya ganinsa. Amma ku kwatanta: man injin mota, da a ke gwada shi a zafin digiri 150, saurin zamewar da a ke sa masa miliyan ɗaya ne a sakan. Na akwati ya fi wannan sau 10,000.

Turi mai tsanani haka yana jawo matsala biyu. Ta farko, dokar Niyuton ta kauri tana aiki ne in turi kaɗan ne. In ya yi yawa ƙwayoyi su kan jeru su bi kwarara, musamman dogaye, sai ruwa ya tsinke, a sami adadin da bai kai na gaskiya ba. Maganinta shi ne kada a yi awo sau ɗaya. A yi da sauri iri iri, daga babba ana ragewa, a zana sakamakon bisa takarda. Za a ga kauri yana hawa yayin da sauri ke raguwa, har ya kai inda ya miƙe ya daina sakewa. Wannan shimfiɗaɗɗen wuri shi ne kaurin gaskiya. Wanda zanensa bai kai nan ba bai gama aiki ba.

Ta biyu, gogayya tana haifar da zafi. A saurin nan na 10¹⁰, ruwa zai ƙara wajen digiri 24 cikin kowane nanosakan, ruwa kuwa in ya yi zafi kaurinsa raguwa ya ke yi: a digiri 100 bai kai sulusin na digiri 20 ba. Don haka a kan sa wa lissafi mai gadin zafi, wata ƙa'ida da ke ɗan rage gudun ƙwayoyi in zafi ya hau. Wadda aka fi sani ita ce ta Nosé ɗan Japan, ta 1984, wadda Hoover ya sauƙaƙa a 1985. Sai dai a kula, mai gadin nan ya taɓa gudun hargitsi kaɗai. In ya ɗauki gudun kwarara a kan zafi ne, zai riƙa birki ga abin da a ke son aunawa.

Juya al'amari

A wajen zafi, gangara tana da sauƙin aunawa, kwarara ce mai hayaniya. A 1997 Florian Müller-Plathe a Jamus ya ce to a juya: mu ƙayyade kwarara da hannunmu, mu auna gangarar da ta haifar. A yanka dogon akwati sala sala. Salar bakin akwati a kira ta mai sanyi, ta tsakiya mai zafi. Bayan kowane taki kaza, a nemi ƙwayar da ta fi gudu cikin sala mai sanyi, da wadda ta fi nawa cikin mai zafi, a musanya gudunsu, in dai nauyinsu ɗaya. Mai sanyi ta ƙara sanyi, mai zafi ta ƙara zafi. Zafin nan kuwa zai bi ta cikin ruwa ya komo inda aka ɗebe shi. Tun da ya ke mu muka yi musanyar, mun san iyakar ƙarfin da muka ɗauka daidai wa daida, ba kuma abin da aka ƙara ko aka rage cikin akwati gaba ɗaya, sabo da haka ba a bukatar mai gadi. Abu ɗaya da ɗalibai kan manta shi ne raba ƙarfin biyu, domin zafi yana komowa ta dama da ta hagu. A 1999 ya nuna ana iya yin haka wajen kauri. A nan ma gangara mai tsanani ce: digiri ɗaya cikin kowane nanomita daidai ya ke da digiri miliyan dubu cikin mita ɗaya.

Tarkuna huɗu

Kwamfuta ba ta taɓa ƙin ba da adadi. Ko an yi daidai ko an yi kuskure za ta rubuto shi, har da lambobi takwas bayan ɗigo. Ga abubuwa huɗu da ya kamata a bincika kafin a gaskata ta.

Na ɗaya, an jira kwarara ta zauna? Farkon turi akwati cikin ruɗu ya ke. Sai gangara ta miƙe ta daina sakewa a ke fara ƙirga, abin da ya gabata a zubar.

Na biyu, ina gwargwadon kuskure? Awon taki na yanzu da na mai bi masa kusan abu ɗaya ne, kamar ka tambayi mutum ɗaya sau dubu ka ce ka sami shaidu dubu. Sai a yanka lokacin aiki gida gida, kowane gida ya fi tsawon tunin ruwan, a ɗauki matsakaicin kowanne, a ga yadda suka saɓa. Kuskure kuwa ba ya raguwa da arha. Don a rage shi rabi sai an ninka lokacin aiki sau 4.

Na uku, girman akwati bai shafi amsa ba? Ƙwaya tana jin motsin kwatankwacinta da ke akwatin maƙwabta, wannan yana rage mata tafiya. Yeh da Hummer sun nuna a 2004 yadda a ke gyara wannan. Ga ruwa cikin akwatin nanomita 3, gyaran ya kai wajen kashi 10 cikin 100 na adadin bazuwa.

Na huɗu, shi ne babba, ƙa'idar ja da turi da aka ba na'ura ta yi kama da ta gaskiya? Akwai wani sanannen kwatancin ruwa mai suna TIP3P, na 1983, wanda kaurinsa wajen sulusin na ruwan gaskiya ne kawai. Wani da ya zo daga baya, TIP4P/2005, ya matso kusa ƙwarai. Duk tsabtar lissafi ba ta gyara kwatanci maras kyau. Abin da ka shuka shi za ka girba.

Masu aikin nan da hankali su kan bi hanya biyun duka, ta zuba ido da ta turi. In amsoshin sun haɗu, an san lissafi lafiya ya ke. Sa'an nan a gwada kwatancin a inda ma'auni ke iya shiga, in ya ci jarrabawa a tafi da shi inda ma'auni ba ya zuwa.

Abin da za ku kai aji

Ba kowace makaranta ce ke da na'urar yin wannan aiki ba, amma tushensa yana iya shiga kowane aji. Ku jingina gilashi a karkace, ku ɗiga ruwa da man gyaɗa da zuma a layi ɗaya, yara su ƙirga lokacin da kowanne zai sauka. Ku shanya zumar a rana ku sake gwadawa. Don tafiyar mashayi kuma, ku ja layi a fili, kowane yaro ya jefa kwabo, kai taki ɗaya gaba, wutsiya taki ɗaya baya. Bayan jifa 16 za a ga kimanin nisansu daga layi wajen taki 4 ne, bayan jifa 64 wajen taki 8. Yaro ɗaya ba zai nuna wannan ba, sai an haɗa na aji duka. In yaro ya kawo muku adadi, ko daga ma'auni ko daga na'ura, ku saba masa da tambaya biyu: sau nawa ka auna, kuma da nawa awon ya saɓa?

Tambayoyi

1. Ƙwayar ruwa tana yin awa 6 kafin ta gusa santimita ɗaya. Awa nawa za ta yi kafin ta gusa santimita 3?

2. A ce wani ruwa ya yi turjiyar faskal miliyan 5 a saurin zamewa na 10¹⁰ a sakan. Nawa ne kaurinsa? Me za ku yi kafin ku yarda shi ne kaurinsa na gaskiya?

3. A ce cikin nanosakan ɗaya an musanya ƙarfin jul 1.08 × 10⁻¹⁷ ta hanyar Müller-Plathe. Fuskar akwati nanomita 3 ce sau nanomita 3, gangara kuwa digiri ɗaya cikin kowane nanomita. Ku fitar da adadin wucewar zafi, ku kwatanta shi da na ruwa da muka ba da a farkon darasi.

4. An yi aikin kwana 2 an sami kuskuren kashi 8 cikin 100. Kwana nawa a ke bukata don ya sauko kashi 2 cikin 100?